Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Gwada Ƙirƙirar Guntun Mitar Rediyo da Aikin Magabata Kafin a Ba da Haƙƙi

Injiniyoyin da ke tsara da'irar rediyo a kan silikon sukan sha mamaki ranar da wasiƙar farko ta iso daga ofishin haƙƙin ƙirƙira. Mutum ya shekara biyu yana fama da wata da'ira, ya auna ta, ta yi aiki, sai ga jami'i ya aiko masa da takardar da aka buga tun ba a haifi mahaifinsa ba, yana cewa ai an riga an yi wannan. Tambayoyin da ke ƙasa galibinsu daga irin wannan wasiƙar suke tasowa. A nan, haƙƙin ƙirƙira shi ne abin da ake kira fatent. Aikin magabata kuwa shi ne duk wani sani da ya riga ya fita fili kafin ranar da aka shigar da buƙata.

Mene ne guntun mitar rediyo, kuma me ya sa tantance shi yake da wuya?

Ɗan guntun silikon ne, ko na wani sinadari makamancinsa, wanda aka haɗa masa sassan aikawa da karɓar sigina ta iska. Yana cikin kowace wayar hannu, da na'urar Wi-Fi, da Bluetooth, da radar mota. A cikinsa akwai amfilifaya mai ƙarancin hayaniya wadda ke karɓar raunanan sigina daga eriya, da mahaɗi mai sauko da mita ƙasa ko hawa da ita sama, da osileta mai samar da mitar, da madaukin da ke kulle ta kada ta kauce, da matatu, da amfilifayar ƙarfi mai tura sigina waje.

Wahalar ita ce sassan ginin kaɗan ne. Taranzista, kafasita, indakta, resista, sai layin waya. Hanyoyin haɗa su kuma an kwashe fiye da shekara ɗari ana gwadawa, tun zamanin bawul ɗin gilashi, na'urar da ake amfani da ita kafin zuwan taranzista. Saboda haka duk zanen da ka kawo, da wuya a rasa mai kama da shi a tsofaffin takardu. Amma kuma a mita mai tsayi zane ba ya faɗin duka gaskiya. Tsawon zangon sigina a gigahaz 2.4 kusan santimita 12.5 ne, a gigahaz 77 na radar mota bai kai milimita 4 ba. A can, ɗan layin ƙarfe da ke haɗa sassa biyu shi kansa ya zama sashe na da'ira. Siririyar wayar da ke haɗa guntu da gidansa tana ƙara kusan nanohenri ɗaya a kowace milimita. Da'irori biyu za su iya zama ɗaya a takarda su bambanta ƙwarai a aiki. Jami'in tantancewa takarda yake gani, shi ya sa nauyin nuna bambancin yake kan mai ƙirƙira.

Wane abu ne ake lissafawa a matsayin aikin magabata?

Duk abin da jama'a za su iya kaiwa gare shi kafin ranarka, a kowace ƙasa, a kowane harshe. Takardun haƙƙi na da, har da waɗanda wa'adinsu ya ƙare ko aka ƙi su bayan an buga. Maƙalun mujallu da na taruka. Takardar bayanan guntu da kamfani ya sa a intanet. Kundin digiri. Takardun kwamitocin tsara ƙa'idoji irin su 3GPP da IEEE 802.11, muddin an buɗe su ga jama'a.

Ba sai an tabbatar wani ya karanta ba. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke, a shari'ar Hall, cewa kwafi ɗaya na kundin digirin digirgir da aka yi wa rajista aka ajiye a laburaren Jami'ar Firaibag ta Jamus ya isa hujja. A 2004, a shari'ar Klopfenstein, kotun ta ce allon bayani da aka kafa a zauren taro na kwana biyu da rabi shi ma ya zama bugaggen abu, ko da ba a raba kwafinsa ba.

Akwai wani nau'in da ke ba mutane haushi don babu yadda za a yi su san da shi: buƙatar da wani ya shigar kafin taka amma ba a buga ta ba sai bayan ka shigar. A ofishin Turai ana amfani da irin wannan wajen tambayar ko abin sabo ne kawai. A Amurka ana iya haɗa ta da wata takarda a ce abin naka a fili yake ga gwani.

Ni da kaina na gabatar da aikin a taro. Maƙalata za ta iya kashe mini buƙata?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ita ce asarar da ta fi ciwo a fannin, domin da hannunka ka jawo ta. A ƙarƙashin yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ta Turai, abin da ka bayyana da kanka aikin magabata ne kamar na kowa. Togaciyar da sashe na 55 ya yi ƙunci gare ta: wata shida, kuma sai idan wani ne ya ci amanarka ya bayyana, ko an nuna abin a wani baje koli na duniya da aka amince da shi. Amurka tana ba da rangwamen shekara ɗaya ga abin da mai ƙirƙira ya bayyana da kansa. Japan ta ƙara nata zuwa shekara ɗaya a 2018, Koriya ta Kudu ma shekara ɗaya ce, amma ga su biyun akwai matakan da ake bi a nemi rangwamen.

Masu wannan sana'a suna rububin kai aikinsu taron ISSCC da ake yi kowace Fabrairu a San Faransisko, da taron RFIC na ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE. Ranar da za a duba ba lallai ta zama ranar da ka hau mumbari ba. Ranar da kundin taron ya isa hannun mahalarta ko ya hau intanet ita ce abin lura. A shigar da buƙata kafin wannan ranar. Bayan haka yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ka wata 12 ka kai ta wasu ƙasashe da ranarka ta farko.

A ina jami'in tantancewa yake nema?

Yana farawa da rabe-raben fannoni. Akwai tsarin duniya da ya samo asali daga yarjejeniyar Sitirasbog ta 1971, akwai kuma wanda ya fi shi zurfi, CPC, da ofisoshin Turai da Amurka suka fara amfani da shi tare a 2013. Amfilifaya tana H03F, osileta H03B, mahaɗi H03D, madaukin kulle mita H03L, matatu H03H, na'urar aikawa da karɓa H04B, eriya H01Q. Ofishin Japan yana da nasa ƙarin rabon mai ƙanƙanta sosai, kuma ƙwararrun masu bincike ba sa raina shi, domin kamfanonin Japan sun zuba ɗimbin buƙatu kan da'irar lantarki a shekarun 1980 da 1990.

Neman kalma ba ya wadatarwa a nan. Da'ira ɗaya tana iya samun suna uku, lauya kuma yakan guje wa sunan da kowa ya sani ya rubuta “sashe na farko da aka haɗa da sashe na biyu”. Don haka jami'i yakan zauna yana buɗe zane bayan zane, ɗaruruwa, yana bin layi da ido. Daga nan ya shiga IEEE Xplore, rumbun maƙalun ƙungiyar a intanet, inda mujallar da'irori ta JSSC da kundin taruka suke. A ganina nan ne ingancin bincike yake bambanta, domin a wannan fannin sau da yawa sabon tunani a maƙala yake fara fitowa, kuma binciken da ya tsaya ga takardun haƙƙi kaɗai ya bar rabin gona ba noma. Kai ma kana iya yin naka binciken kyauta a Espacenet, ko PATENTSCOPE na hukumar WIPO da ke Janiba, ko Google Patents.

A rahoton bincike na ga haruffa X, Y da A. Me suke nufi?

X na nufin takardar ita kaɗai ta isa ta rushe da'awarka, wato abin da ka rubuta kana cewa naka ne. Y na nufin za ta rushe ta idan aka haɗa ta da wata, shi ya sa Y ba ta zuwa ita kaɗai. Ita kuwa A shimfiɗa ce kawai, tana nuna inda fannin yake. A gefen kowace takarda ana rubuta lambobin da'awoyin da ta shafa. Fara duba waɗanda babu X ko Y a kansu, galibi nan mafitarka take.

Yaya ake gane ko abu sabo ne? Zanena da nasu ba iri ɗaya ba ne.

Ba zanenka ake gwadawa ba, da'awarka ake gwadawa, wato jimlolin nan masu lamba da ke zana iyakar abin da kake cewa naka ne. Jami'i yakan yanka da'awa gaɓa-gaɓa ya nemi kowace gaɓa a takarda ɗaya. Idan duk sun bayyana a wurin, a haɗe kamar yadda ka faɗa, to abin ba sabo ba ne. A dokar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka sashe na 102 ne, a yarjejeniyar Turai sashe na 54.

Ɗauki misali. Ka rubuta: amfilifaya mai taranzista ta farko da ke karɓar sigina, da taranzista ta biyu a samanta, da indakta tsakanin ta farko da ƙasa. A zuciyarka kana nufin wata dabara ta musamman da ka yi a gigahaz 28. Amma abin da ka rubuta shi ne amfilifayar da ke cikin kowane littafin koyarwa. Ɗora na'ura kan na'ura ta wannan hanya, da ake kira kaskod, an sa masa suna tun 1939. Jami'i ba ya karanta zuciya. A Amurka ma doka ta umarce shi ya ba kalmominka fassara mafi faɗi da hankali zai ɗauka bisa bayaninka. Idan ka ce “an haɗa”, yana iya ɗauka har da haɗin da ya bi ta wasu sassa a tsakani. Idan ka ce “an tsara don rage hayaniya”, zai tambaya wane gini ne yake yin hakan wanda tsohuwar da'irar ba ta da shi.

Tsarin da'irar tsoho ne, amma ni na fara sa shi a kan silikon. Wannan bai isa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a fannin, kuma amsarta ta dogara ga abin da ka yi kafin ya zauna a silikon ɗin.

A duba tarihi. Osiletar Hartley ta 1915 ce, ta Colpitts 1918. Tsarin karɓa na sufahetarodain, wanda Edwin Armstrong da Lucien Lévy suka yi jayayya a kansa, ya fito ne a ƙarshen yaƙin duniya na farko. Henri de Bellescize ya bayyana madaukin kulle mita a 1932. Henri Chireix ya kawo dabarar raba sigina gida biyu a 1935, William Doherty na Bell Labs ya kawo amfilifayarsa a 1936, Leonard Kahn ya kawo raba girman sigina da kusurwarta a 1952. Matatar sigina mai hanyoyi da yawa da ake kunnawa bi da bi, wadda ta dawo da ƙarfinta a guntayen zamani, Franks da Sandberg sun yi bayaninta a 1960. Ko mahaɗin da kowa ke kira da sunan Barrie Gilbert, bayan maƙalarsa ta 1968, akwai buƙatar Howard Jones ta 1963 mai tsari irinsa. Duk waɗannan suna hannun jami'i, kuma yana da gaskiya idan ya ce musanya bawul da taranzista, ko tattara sassa warwatse a kan guntu ɗaya, abu ne da kowane gwani zai yi tunaninsa.

To amma a ɗauki amfilifayar Doherty. An ƙirƙire ta don manyan tashoshin watsa shirye-shirye, ta dawo domin siginar wayar zamani tana hawa da sauka sosai, kuma amfilifaya ta yau da kullum tana ɓarnar wuta idan ba a ƙololuwa take aiki ba. Tsarin yana da sassa biyu na amfilifaya, kuma yana buƙatar layi mai tsawon rubu'in zango. A gigahaz 2.4 wannan kusan santimita 3 ne a iska, ko a cikin guntu ya haura santimita ɗaya, alhali guntun duka 'yan milimita ne. Dole a nemi madadi: indakta da kafasita, ko taransifoma da aka naɗe da layukan ƙarfe na guntun. Indaktar kan silikon kuma tana asara, domin silikon ɗin da ke ƙarƙashinta yana shan wani ɓangare na ƙarfin. Taranzistar CMOS ta zamani, wato nau'in da aka fi ƙerawa a kan silikon, ba ta jure wuta mai yawa. Wanda ya samo hanyar da taransifoma ɗaya za ta haɗa ƙarfin sassan biyu ta kuma yi aikin wancan layin, ya warware matsalar da Doherty bai taɓa fuskanta ba. Wannan ƙirƙira ce, in dai ba a riga shi ba. Sai dai da'awarsa ta tsaya a kan taransifomar da yadda aka haɗa ta. Idan ya miƙa hannu yana son “amfilifayar Doherty a kan CMOS” gaba ɗaya, zai rasa.

Haka labarin mai karɓa da ke sauko da sigina kai tsaye yake. Tunanin ya girmi taranzista, amma sa shi a waya ya zo da matsaloli: yoyon osileta zuwa mashiga, da wutar tsaye da ke toshe sigina, da hayaniyar ƙananan mitoci, da rashin daidaiton hanyoyi biyu. Maganin kowace ɗaya ya haifi haƙƙoƙi na gaskiya.

Jami'i ya haɗa takardu biyu ya ce abin a fili yake. Ta yaya ake yanke wannan?

A Amurka ma'aunin ya fito daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1966 a shari'ar Graham da John Deere: a duba abin da magabata suka yi, da bambancinsa da da'awa, da matakin gwanin fannin, da shaidun waje irin su daɗewar buƙata ba a biya ba ko gazawar wasu. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, kotun ta sassauta wa jami'ai. Ba dole ne takardar ta ce a haɗa ni da waccan ba. Haɗa sanannun sassa ta sananniyar hanya a sami sakamakon da ake tsammani, a fili yake. Amma har yanzu sai jami'i ya kawo dalili mai ma'ana, bai isa ya ce “ai kowa ya sani” ba.

Ofishin Turai, mai hedikwata a Munik, yana bin matakai. A zaɓi takarda mafi kusa. A fitar da bambanci. A tambaya wane tasiri bambancin ya haifar, daga nan a tsara matsalar da aka warware. Sannan tambaya ta ƙarshe: gwani da ke fuskantar wannan matsala zai bi wannan hanya, ko dai kawai yana iya bi? Iyawa ba ta isa a ƙi buƙata ba.

Abin da nake so masu ƙirƙira su riƙe shi ne, da'irar rediyo ciniki ce. Ka ƙara ƙarfi ka rasa miƙewar sigina, ka rage hayaniya ka ƙara shan wuta, ka faɗaɗa kewayon mitocin da take ɗauka ka rasa ƙarfi. Don haka idan jami'i ya ciro sashe daga takarda ta biyu ya dasa a ta farko, tambayar ita ce me dashen zai yi wa da'irar farko. Sau da yawa zai ɓata daidaiton om 50 (ma'aunin turjiyar lantarki) a mashiga, ko ya ƙara kafasitar ɓoye a inda ba a so, ko ya sa amfilifaya ta fara rawa da kanta. Wani lokaci takardar farko da bakinta ta ce a guji abin. Hujja irin wannan, da lissafi da lambar sakin layi, tana motsa jami'i. Cewa “da'irata ta fi kyau” ba ta motsa kowa. Jami'in ma mutum ne, ya riga ya ga amsarka kafin ya fara nema, kuma wanda ya ga amsa komai yakan zame masa mai sauƙi. Aikinka ka mayar da shi ranar da ba a san amsar ba.

Idan na saka lambobi, kamar mita ko girman taranzista, za su cece ni?

Da wuya su kaɗai. Kotunan Amurka tun shari'ar Aller ta 1955 suna ganin neman adadi mafi dacewa ta gwajin yau da kullum ba ƙirƙira ba ne, muddin an san adadin yana shafar sakamako. Cewa da'irarka tana aiki a gigahaz 60 tasu kuma a 5 ba zai wadatar ba idan ginin ɗaya ne. Lamba tana amfani idan ka nuna cewa a cikin wannan iyakar wani abu da ba a zata ba yana faruwa, a wajenta kuma ba ya faruwa. Wannan kuwa sai da awo a ciki da wajen iyakar.

Wani kamfani ya sayar da guntu mai irin da'irar, amma ba wanda ya san abin da ke ciki. Shi ma aikin magabata ne?

Yana iya zama. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su narkar da gidan guntu, su ɓare shi hawa-hawa, su ɗauki hoto da madubin ƙara girma, su fitar da zanen. A Turai, hukuncin babban kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin mai lamba G 1/92 ya ce abin da gwani zai iya ganowa ta binciken kayan da ke kasuwa ya fita fili, ko da babu wanda ya yi binciken. A 2025 hukuncin G 1/23 ya ƙara cewa ba a cire kaya daga aikin magabata don kawai gwani ba zai iya sake ƙera shi ba. A Amurka sayarwa ita kanta shamaki ce, kuma a 2019, a shari'ar Helsinn da Teva, Kotun Ƙoli ta ce ko cinikin da aka ɓoye bayanan kayan yana iya hana mai ƙirƙira haƙƙi. Masu aika samfurin guntu ga abokan ciniki kafin su shigar da buƙata su yi hattara da wannan.

Jami'in ofis dai ba shi da ɗakin gwaji, ba kasafai yake kawo irin wannan hujja ba. Abokin hamayya ne yake fito da ita daga baya.

Sai na ƙera guntun kafin in nemi haƙƙi?

A'a. Abin da doka ke so shi ne bayani ya isa gwani ya aikata ba tare da wahalar da ta wuce kima ba: sashe na 112 a Amurka, na 83 a Turai. Sakamakon kwaikwayo a kwamfuta yana shiga, amma a faɗi cewa kwaikwayo ne, kada a rubuta shi kamar awo. Shawarata ita ce a zuba duk abin da ake da shi: zane har matakin taranzista, yadda aka shimfiɗa indakta, jadawalin kwatanci da tsohuwar hanya, da wasu siffofin da dabarar za ta iya ɗauka, misali da wani nau'in taranzista ko a kan sinadarin galiyom asenaid maimakon silikon. Dalilin yana cikin tambaya ta gaba.

An ƙi buƙatata a wasiƙar farko. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Ƙi a zagayen farko abu ne da aka saba, kusan buɗe tattaunawa ne. A Amurka ana ba da wata uku a amsa, ana iya ƙarawa zuwa shida da biyan kuɗi. A Turai galibi wata huɗu ne. Kana iya jayayya, kana iya gyara da'awa, kana iya neman ganawa da jami'in. Ganawar tana da amfani ƙwarai a wannan fannin, domin minti goma a kan zane ɗaya yana warware abin da shafi goma bai warware ba.

Iyakar ita ce ba ka ƙara abin da babu shi a buƙatar ranar farko. Ofishin Turai yana da tsanani a kan wannan ƙarƙashin sashe na 123(2): gyaran sai ya fito kai tsaye, ba shakka, daga abin da aka shigar. Idan jami'i ya kawo takardar da ba ka sani ba, kuma abin da ya raba ku shi ne kafasitar da ka sa tsakanin maki biyu, amma lauyanka ya bar ta don ya ga ƙaramin abu ce, to ba ta dawowa. Injiniyoyi da yawa sukan ba lauya zanen akwatuna su riƙe ainihin da'irar, suna ganin sun ɓoye sirri. Ranar da aka matsa su, sai su tarar ba su da wurin ja da baya. In sirri ake so, akwai hanyarsa daban, wato kada a nemi haƙƙi sam. Amma neman haƙƙi da rabin bayani yakan jawo a rasa duka biyun, domin buƙatar za a buga ta bayan wata 18.

Kuma duk abin da ka faɗa don ka tsallake wata takarda yana nan a fayil, kowa na iya karantawa. A Amurka za a riƙe ka da shi ranar shari'a.

Dole ne in faɗa wa ofis takardun da na sani?

A Amurka dole ne. Mai ƙirƙira da lauyansa suna da wajibin bayyana duk abin da suka sani mai tasiri, har da abin da wasu ofisoshi suka samo kan buƙatar. Ɓoyewa da niyyar yaudara tana iya sa haƙƙin duka ya zama ba a iya aiki da shi, ko da yake hukuncin Therasense na 2011 ya tsaurara sharuɗɗan tabbatar da hakan. Turai ba ta da wajibi mai faɗin haka, amma tana neman sakamakon binciken ofishin da aka fara kai wa buƙatar. Ko ba doka, takardar da jami'i ya gani ya wuce ta fi sauƙin karewa fiye da wadda abokin hamayya ya tono.

Wane bambanci ke tsakanin haƙƙin ƙirƙira da kare shimfiɗar guntu?

Abu biyu ne daban. Dokar Amurka ta 1984 da yarjejeniyar TRIPS ta ƙungiyar ciniki ta duniya suna kare tsarin shimfiɗa, wato yadda aka jera sassa a kan guntu, na aƙalla shekara 10, daga kwafi. Ba sa kare dabarar. Wanda ya fahimci da'irarka ya shimfiɗa tasa bai taka wannan dokar ba. Haƙƙin ƙirƙira ne yake kare dabarar, na shekara 20 daga ranar shigarwa.

Tantancewar tana ɗaukar tsawon wane lokaci?

Shekaru, galibi biyu zuwa biyar, gwargwadon ofis da yawan kai-komo. Wanda ya bi yarjejeniyar PCT ta 1970, wadda ke ba da damar shigar da buƙata ɗaya don ƙasashe da yawa, yana da wata 30 daga ranar farko kafin ya zaɓi ƙasashe, 31 a ofishin Turai, kuma yana samun rahoton bincike tun kafin ya kashe kuɗi mai yawa. Jinkiri ba sabon abu ba ne a fannin. Harold Black ya shigar da buƙatarsa ta amfilifaya mai mayar da sashen sigina baya a 1928, ba a ba shi ba sai 1937.

Idan an ba ni haƙƙin, maganar aikin magabata ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. A Turai kowa na iya shigar da adawa cikin wata tara da bayarwa. A Amurka, tun 2012, akwai hanyar sake duba haƙƙi a gaban kwamitin alƙalan ofishin, bisa takardun haƙƙi da bugaggun rubuce-rubuce kaɗai. Kotu ma tana nan. Jami'i yana da 'yan sa'o'i ga kowace buƙata, kamfanin da aka kai ƙara kuwa yana iya ɗaukar masana su shafe watanni suna tono.

Shari'ar ParkerVision da Qualcomm kan dabarar sauko da mita ta nuna yadda abin yake. A 2013 masu taimaka wa alƙali a jihar Fulorida suka yanke diyyar kusan dala miliyan 173. A 2014 alƙalin ya soke hukuncin, ya ce ba a tabbatar da keta haƙƙi ba. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta amince da sokewar, ta kuma ce akasarin da'awoyin da aka yi shari'a a kansu ba su da inganci, domin tsofaffin rubuce-rubuce sun riga sun bayyana abin da ke cikinsu.